Tambayoyinku: Wa Ya Ce Ki Goge Gurbin Nan?

Da alama lokacin rubuta kundin kammala karatu ya zo, don saƙonnin wannan makon kusan duk na ɗalibai ne, kuma mafi yawansu a kan lissafin bayanan binciken halayen matasa: shan taba, ƙwaya, faɗa a makaranta, rashin motsa jiki. Masu tambayar waya mai zafi da batirin da ba ya riƙe caji ku yi haƙuri sai mako mai zuwa.

Tambaya: Malam, SPSS ɗin da aka sa mini a laftof a wani shago ya daina aiki, yana cewa lasisi ya ƙare. Ko akwai lambar da za ka taimaka mini da ita? (Wani ɗalibi daga Katsina)

Amsa: Babu. SPSS, manhajar lissafin bayanai, hajar kamfanin IBM ce tun 2009, kuɗi ake biya, kuma wanda aka sa maka satacce ne. Ka sauke jamovi ko PSPP, kyauta suke, dukansu suna buɗe fayil ɗin .sav na SPSS. In kana da ɗan juriya ka koyi R, manhajar lissafi ta kyauta da ake rubuta wa umarni, ka huta da zaryar shago har abada.

Tambaya: Malam, ina digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma. Na sauke bayanan binciken lafiyar ɗaliban makaranta, wato GSHS, na Ghana na 2012 daga shafin Hukumar Lafiya ta Duniya, ina duba shan taba da giya tsakanin ɗalibai. Kason da nake samu a SPSS bai yi daidai da na takardar sakamakon da hukumar ta fitar ba. Kafin na fara na tsaftace fayil ɗin, na goge wasu gurabe uku na teburin bayanan da ba na buƙata, wato weight da stratum da psu. Na farkon na ɗauka nauyin jikin yaran ne, amma lambobin ba su yi kama da kilon ɗan Adam ba. Ko manhajar ce ta lalace? ('Yar uwarka daga Zariya)

Amsa: Inna lillahi. 'Yar uwa, manhaja lafiyarta ƙalau. Kin shiga kicin kin zubar da gishiri da magi da mai, sannan kina tambaya ko tukunyar ce ta huje. Kuma ba ke kaɗai ba ce, shi ya sa zan tsaya a nan, don wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na sha ganin kundi mai bango mai kyau, an sa hannu an ba da maki, alhali duk teburan da ke ciki a kan wannan kuskure aka gina su.

GSHS, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2003 tare da CDC, cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ba a yin sa ta hanyar zuba sunayen duk ɗaliban ƙasa a ƙwarya a ɗebo. Makarantu ake fara zaɓa, wadda ta fi yawan ɗalibai ta fi samun damar fitowa. A cikin makarantar sai a zaɓi azuzuwa, duk wanda ke ajin ya cika takarda ba tare da rubuta suna ba. Yayansa na Amurka, YRBS, da ake yi duk bayan shekara biyu tun 1991 a kan ɗaliban aji 9 zuwa 12, shi hawa uku ne ma: yankuna, makarantu, azuzuwa, kuma da gangan suke ƙara yawan ɗaliban wasu ƙananan rukunoni don a samu isassun da za a yi lissafi da su. To idan haka aka ɗebo mutane, ba kowane layi a fayil ɗinki ne daidai da ɗan uwansa ba. Wani yaro yana tsaye a madadin ɗalibai kaɗan, wani a madadin masu yawa, ga kuma gyaran da aka yi saboda makarantun da suka ƙi shiga da yaran da ba su zo ranar ba. Gurbin weight shi ne yake faɗa wa kwamfuta kowane yaro bakin mutum nawa yake magana. Da kika goge shi, kin mayar da kowa ƙuri'a ɗaya, shi ya sa kasonki ya kauce.

Wannan shi ne rabin da kowa yake saurin ganewa. Rabin da ke ba ni haushi shi ne sauran gurabe biyun: psu, mai nuna yaran da aka ɗebo tare a dunƙule, da stratum, mai nuna rukunin da aka zaɓo makarantarsu daga ciki.

Yaran aji ɗaya suna kama da juna. Unguwarsu ɗaya, mai shagon da ke sayar musu da sigari ɗaya, idan babban ajin yana busawa to akwai 'yan koransa. Saboda haka amsar yara 40 daga aji guda ba ta kai darajar amsar yara 40 daga garuruwa 40 ba. Akwai ɗan lissafin da ake yi: a cire 1 daga yawan 'yan aji, a ninka da gwargwadon kamanninsu, a ƙara 1. Mu ƙaddara aji yana da yara 40, kamannin kuma ɗan kaɗan ne, 0.05. Wato 39 sau 0.05, a ƙara 1, ya ba da 2.95. Ma'ana idan kina taƙama da ɗalibai 1,200, ƙarfinsu a lissafi bai wuce na mutum 400 da 'yan kai ba. Kwamfutar da ba a gaya mata psu da stratum ba, ita a wurinta 1,200 ne cif, sai ta matse miki tazarar kuskure, ta ba ki ƙaramin p, lambar da ƙanƙantarta ke nuna sakamako ba dace ba ne kawai, ke kuma ki rubuta cewa kin gano bambanci mai ƙarfi tsakanin maza da mata. Wataƙila akwai shi, wataƙila babu. Lissafinki dai bai nuna ba.

Na san abin da wani zai ce miki a ɗakin kwamfuta: ki shiga Data, ki danna Weight Cases, shi ke nan. Kada ki saurare shi. Wannan zai gyara kason, gaskiya ne, amma SPSS yana ɗaukar lambar a matsayin sau nawa aka maimaita layin. Sai ki ga yawan mutanenki ya tashi daga 'yan dubbai ya koma yawan ɗaliban ƙasa, p na kowane gwaji ya fito .000, har alaƙar shan taba da wanke hannu. Ɗalibai suna murna da wannan sifili uku kamar sun ci gasar musabaƙa. Ni idan na ga tebur duk .000 daga sama har ƙasa, gabana faɗuwa yake.

Ga gyara. Ki koma ki sake sauke fayil ɗin na asali. A SPSS akwai sashen Complex Samples a ƙarƙashin Analyze, ki shirya fayil ɗin tsari da gurabe ukun, sannan duk lissafinki ya bi ta can. Sashen daban ake sayar da shi, don haka in ba ki gan shi ba, ba ki da shi. A manhajar Stata layi ɗaya ne:

svyset psu [pweight=weight], strata(stratum)

daga nan kowane umarni ki fara shi da svy: kawai. A R kuwa, wanda shi nake so ki koma, ki ɗora survey na Thomas Lumley ki rubuta:

svydesign(ids=~psu, strata=~stratum, weights=~weight, nest=TRUE, data=d)

Gwajin farko: ki fitar da kaso ɗaya da ke cikin takardar hukumar. In ya zo daidai har da tazararsa, kin hau hanya. In bai zo ba, kada ki matsa ko taku ɗaya.

Idan kuma 'yan mata kaɗai za ki duba, kada ki goge layukan maza, na ga hannunki yana da saurin gogewa. Ki yi amfani da subpop a Stata ko subset a kan tsarin da kika gina a R, domin lissafin kuskure yana buƙatar ganin duk makarantun.

Sai abu ɗaya da manhaja ba za ta gyara miki ba. Binciken makaranta labarin 'yan makaranta yake bayarwa, su ma waɗanda suka zo ranar. Masu yin irinsa a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi su kiyaye wannan fiye da kowa: mai tallan goro da yaron gareji da almajiri ba sa cikin aji, kuma babu nauyin da zai shigo da su. A rubuta "ɗaliban sakandare", kada a rubuta "matasan jiha".

Daga yau kuma, fayil na asali ba a taɓa shi. A ajiye shi gefe, a yi aiki a kan kwafi, kowane gyara a rubuta shi a fayil ɗin umarni maimakon danne-danne da linzami. Da haka kika yi, da layi ɗaya za ki cire ki dawo da gurabenki.

Tambaya: Malam, a Stata na sa umarnin logit, na lissafin amsar eh ko a'a, a kan tambayar shan taba, sai ya ce outcome does not vary, wato amsar kowa iri ɗaya ce, alhali akwai masu sha da marasa sha. (Wani malamin kwalejin lafiya, Gombe)

Amsa: Malam, amsoshinka 1 da 2 ne, kamar yadda GSHS da YRBS suke sa wa gurabensu masu farawa da QN: 1 eh, 2 a'a. Shi Stata duk abin da ba sifili ba "eh" ne a wurinsa, don haka ya ga kowa mashayi. Ka mayar da 2 ta zama 0.

Tambaya: Matsakaicin shekarun ɗaliban da na bincika ya fito 31, kuma 'yan sakandare ne. (Ba suna)

Amsa: Ko dai makarantar yaƙi da jahilci ka je, ko kuma ka sa 99 a inda ba a amsa ba ka manta ka gaya wa manhajar. Na fi zargin na biyun.

Tambaya: Malam, na tattara amsoshin ɗalibai 300 a kan shan tiramadol da kodin ta Google Forms, da sunayensu da ajinsu. Akwai wanda zai yi mini lissafin, ya ce in turo masa ta WhatsApp. Excel zan tura ko PDF? (Ƙaninka daga Kaduna)

Amsa: Ko ɗaya, ƙanina. Yaro ɗan shekara 15 ya amince ya gaya maka abin da bai gaya wa mahaifinsa ba, kai kuma za ka jefa shi da sunansa a wayar wani, wadda ba ka san wa ke ɗauka ba. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsananin kulawa, kuma ga wanda bai kai 18 ba sai da yardar iyaye, ina fatan ka nema. Tun farko ma bai kamata ka tambayi suna ba, yaron da ya rubuta sunansa ba zai faɗa maka gaskiya kan ƙwaya ba. Yanzu ka cire suna da lambar waya da imel, ka ba kowa lamba. Ka duba kuma ko aji da jinsi da shekaru sun isa a gane mutum, don in mace ɗaya ce 'yar shekara 19 a ajin, cire sunanta bai ɓoye ta ba. Bayan haka ka tura shi a fayil ɗin CSV, wato tebur da manhajojin lissafi ke karantawa. Wanda ya karɓi PDF ya ce zai yi lissafi da shi, ka karɓe kuɗinka.

Tambaya: Ba ni da laftof. Zan iya yin duk wannan a waya? (Wata ɗaliba daga Damagaram)

Amsa: Tattara amsoshi, ƙwarai: KoboCollect yana aiki ko babu intanet, sai kin samu sabis ki tura. Lissafin kuwa, ki ari laftof na kwana biyu.