Shin da gaske bakteriya na fitar da zinari daga dutse?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin Anka ne, ƙannena biyu suna aikin haƙar zinari. Wani ɗalibi ya ce mana wai a ƙasashen waje ƙwayoyin cuta ake zuba wa dutse su cinye shi su bar zinari, kuma su ne ke tsabtace gurɓataccen ruwan wajen haƙa. Gaskiya ne? In gaskiya ne, za mu iya yi a nan mu huta da masifar zaiba da dalma?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ɗalibin bai yi ƙarya ba, sai dai ya gajarta labarin har ya kusa ɓata shi. Gyara na farko: waɗannan ba ƙwayoyin cuta ba ne, ba sa sa wa kowa ciwo. Bakteriya ne, ƙananan halittun da ido ba ya gani, dangin waɗanda ke mayar da madara nono, su mayar da kalwa daddawa. Bambancinsu shi ne abinci. Waɗannan ba su damu da madara ba, da baƙin ƙarfe da farar wuta na cikin dutse suke rayuwa.

Akwai duwatsun da ma'adinin cikinsu ke ɗaure da farar wuta. Wanda aka fi sani shi ne fairait, mai ƙyallin nan da ya sha yaudarar sabon mahaƙi ya zaci ya yi arziki. Idan irin wannan dutse ya fito fili ya haɗu da iska da ruwa, bakteriyar sai su sauya baƙin ƙarfen da ya narke ya koma wani nau'i mai cin dutse, farar wutar kuma su mayar da ita asid. Dutse ya ruɓe, abin da ke kulle a ciki ya fito. A shekarar 1947 wasu masana biyu a Amurka, Colmer da Hinkle, suka gano ɗaya daga cikinsu a ruwan tsami da ke fitowa daga ramukan kwal. Ita ce yau ake kira Acidithiobacillus ferrooxidans. Amma aikin nata ya girmi sunan nesa ba kusa ba. Kogin Rio Tinto da ke kudancin Sifen ja ne wur kamar zoɓo saboda aikin irin waɗannan bakteriya, tsaminsa ya kai na lemon tsami, kuma shekaru dubbai ke nan ana haƙar ma'adinai a bakinsa.

Jan ƙarfe ne ya fi cin moriyar wannan hanya. A ƙasar Chile, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da shi, mahaƙa irin ta Escondida da ke hamadar Atacama suna farfasa dutsen da ma'adininsa bai taka kara ya karya ba, su tara shi tsibi-tsibi a kan shimfiɗar leda mai kauri. Daga sama ana ɗiga masa ruwa mai ɗan asid ta ƙananan bututu, kamar ban-ruwan tumatir, daga ƙasa ana hura masa iska. Sai a zuba ido. Bayan watanni, wani lokaci fiye da shekara, ruwa mai launin shuɗi-kore yana ta tsiyayowa ɗauke da jan ƙarfe. A tace shi, a sa wutar lantarki ta tattara ƙarfen ya zama faranti. Ba tanderu, ba hayaƙin farar wuta. Haƙuri ne jarin, domin bakteriya ba ta san gaggawa ba.

Zinari kuwa akasin haka ne, kuma a nan ɗalibin ya kusa da gaskiya. Bakteriyar ba sa narkar da zinari. Abin da suke yi shi ne fasa kurkukun da ke riƙe da shi. Akwai dutsen da zinarinsa ƙanana ne ƙwarai, a binne cikin fairait ko wani ɗan'uwansa mai ɗauke da gubar arsenik, ko ka niƙa shi ya yi laushin garin tuwo ba za ka kai gare shi ba. Sai a zuba niƙan cikin manyan tankuna, ana motsawa, ana hura iska, ana riƙe zafin wajen digiri 40 zuwa 45, na kwana huɗu zuwa shida. Mahaƙar Fairview da ke Barberton a Afirka ta Kudu ce ta fara wannan a matsayin kasuwanci a 1986, kuma a 1994 aka buɗe babbar masana'anta irinta a Obuasi ta ƙasar Gana. To amma bayan bakteriya ta gama nata, sai an sa sayanaid, wani sinadari mai guba da ke narkar da zinari, kafin zinarin ya fito. Wannan sashen ne masu ba da labari ke mantawa.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan fage. Bakteriyar da ake yabo a tanki, su ne ake tsinewa a tsohon rami. Idan an tashi daga mahaƙa an bar tarin dutse mai farar wuta ruwan sama na dukansa, ba sa jiran izinin kowa, aikinsu suke ci gaba da yi. Ruwan da ke gangarowa ya zama asid, ya kwaso ƙarafa masu guba ya kai rafi, ya bar jar laka kamar tsatsa a kan duwatsu. Ba sai an je nesa ba, tsofaffin ramukan kwal na Inugu suna fitar da irinsa.

Maganin wannan ruwa yana hannun wasu bakteriya daban, waɗanda ba sa son iska ko kaɗan. Ka san su, ko da ba ka san sunansu ba. Ka taɓa tsayawa kusa da masu yasar kwata? Baƙar lakar nan da suke kwasowa daga ƙasa, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, aikinsu ce. Suna cin ruɓaɓɓen abu, su juya sinadarin farar wutar da ke narke a ruwa ya koma iskar nan mai wari. Da ta haɗu da narkakken ƙarfe, ko jan ƙarfe ne, ko tutiya, ko dalma, sai su dunƙule su kwanta a ƙasa. Tsamin ruwan ma ya ragu. Injiniya yana kwaikwayon kwatar ne da gangan: a haƙa tafki, a shimfiɗa dutsen farar ƙasa, a zuba kashin shanu da garin katako ko ƙaiƙayi, a bi da ruwan ta ciki a hankali. Akwai kuma na tanki, kamar wanda masana'antar tutiya ta Budel a Holan ta kafa a 1992 don wanke ruwan ƙarƙashin ƙasa. Sayanaid ma akwai wasu bakteriya masu cinye shi. Mahaƙar zinari ta Homestake a Amurka ta fara amfani da su a 1984.

Sai ka lura da bambanci ɗaya, shi ne zuciyar amsar tambayarka. Sayanaid haɗi ne, ana iya warware shi ya daina zama guba. Dalma da zaiba da arsenik ba haɗi ba ne, babu halittar da za ta shafe su daga duniya. Iyakar abin da bakteriya za ta yi shi ne ta tattara su daga ruwa zuwa laka, lakar kuma sai an kwashe an binne inda iska ba za ta sake taɓa ta ba. Zaiba ma ta fi muni, domin wasu daga cikin waɗannan bakteriya na laka suna mayar da ita nau'in da ya fi guba, wanda ke taruwa a jikin kifi. Hanyar tsibi ma ba ta tsira daga hatsari ba: a 2012 tafkin ruwan datti na mahaƙar Talvivaara a Finlan, mai amfani da wannan hanya, ya fashe, ya gurɓata ruwayen yankin.

Ku mutanen Anka ba sai an ba ku labarin 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Abin da ya jawo shi ƙura ce, ta dutsen da ake daka ana niƙawa a busashe a tsakar gida. Abin da ya sassauta shi kuwa shi ne kankare ƙasar gidaje aka sauya da mai tsabta, likitoci suka ba yara maganin fitar da dalma daga jini. Bakteriya ba ta da hurumi a wannan.

Saboda haka, a ganina wannan ba hanya ba ce ta mai injin niƙa ɗaya da kwanon wanki. Tana son lantarkin da ba ya yankewa, da awon ruwa kullum, da dutse mai farar wuta. Zinarin da ake gani a kwano bayan wanki ba ya bukatarta sam. Ka faɗa wa ƙannenka su raba niƙa da gida, su jiƙa dutse kafin ya shiga inji, su yi wanka su sauya tufafi kafin su ɗauki yaro, kada su ƙona zaiba a ɗaki ko kusa da murhun girki. Ruwan wankin kuma a tare shi a rami mai shimfiɗa, nesa da rijiya da mashayar dabbobi.