Sau Uku Muna Kai Takarda Sakatariya, Ko Shebur Ba Mu Samu Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni ne sakataren ƙungiyar matasan unguwarmu. Shekara huɗu ke nan muna yashe kwatoci kafin damina, muna share maƙabarta, muna saya wa marayu litattafai, duk daga ɗan abin da muke haɗawa wata-wata. Sau uku muna kai takardar neman tallafi ƙaramar hukuma, kullum amsar ita ce "ku dawo, kuɗi ba su shigo ba". Ga shi mun ji Kotun Ƙoli ta ba ƙananan hukumomi 'yancin cin gashin kansu. Shin muna da haƙƙi a kuɗin nan, ko bara muke yi? Daga wani sakatare a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗana, Allah ya yi muku albarka. Na daɗe a sashen raya al'umma na wata ƙaramar hukuma kafin in yi ritaya, irin takardarku kuwa ta sha kwana a teburina har ta yi ƙura.

Ba bara kuke yi ba. Ba kuma wata doka da ta ce dole ciyaman ya ƙirga wa ƙungiya kuɗi. Abin da ke hannunku ya fi wannan ƙarfi: aikin da kuke yi nasu ne. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da maƙabartu, magudanan ruwa, kwashe shara, kasuwanni, tashoshin mota da gidajen gajiyayyu. Wato kayansu kuke ɗauke musu. Ku daina rubuta "muna roƙon taimako", ku rubuta "ga aikinku da muka soma, ga abin da ya rage".

Zancen "kuɗi ba su shigo ba" kuma, rabinsa gaskiya ne. Ƙananan hukumomi 774, har da 44 na Kano, suna raba kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya. Shekara da shekaru kuɗin na faɗawa ne asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 ya tanada. A can ake cire albashin malaman firamare, da na ma'aikata, da fansho, da kason masarauta, da ayyukan da aka ce na haɗin gwiwa ne. Abin da ya iso hannun ma'aji wani watan ko man janareta ba ya saye. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa kowace ƙaramar hukuma kuɗinta kai tsaye, kuma kada a ba wadda kantoma ke riƙe da ita. Amma yanke hukunci daban, aiwatarwa daban, lamarin ya yi ta tafiyar hawainiya. Kada ku jingina aikinku da shi.

Yanzu ga inda nake zargin kun yi tuntuɓe. Wane wata kuka kai takardar? Idan sai da hadari ya fara haɗuwa, kun makara. Wajen ƙarshen shekara ake haɗa kasafin kuɗin shekara mai zuwa, abin da bai shiga ciki ba kuwa ma'aji yana da hujjar ƙin biya, ko da ciyaman ya sa hannu don kunyar idonku. Tun kaka za ku zauna da kansilan mazaɓarku. Ni na san yadda ake raina kansiloli, amma su ne majalisar da ke amincewa da kasafin, kuma kansilanku gidansa a unguwarku yake, ba zai guje muku a masallaci ba.

Sannan me kuka nema? Na tuna wasu takardu biyu da suka zo mini a mako guda. Ta farko shafi uku ce, duk kirari da addu'a ga mai girma ciyaman, a ƙarshe suka ce a ba su "duk abin da Allah ya hore". Ta biyu rabin shafi: katangar maƙabarta ta zube ta gabas, ga hoto, ga lissafin magini, mun tara yashi, leburanci namu ne, siminti kawai muke nema. Mai unguwa da dagaci sun sa hannu, hakimi ya buga hatimi. Masu rabin shafi suka samu simintinsu. Na farkon aka rubuta musu "a adana", kalmar da a ofis take nufin jana'iza.

Ku nemi kaya, ba tsabar kuɗi ba: baro, shebur, manjagara, motar kwashe shara ta kwana biyu. Jami'i ya fi sakin jiki da abin da zai nuna wa mai binciken kuɗi. A 2019 ma hukumar NFIU, mai sa ido kan zirga-zirgar kuɗi, ta ƙayyade tsabar kuɗin da ake iya cirewa daga asusun ƙaramar hukuma zuwa naira 500,000 a rana, don haka ku yi rajista a sashen raya al'umma, ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, ba da sunan shugabanku ba. Banki zai iya neman takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. Duk takardar da kuka kai, ku tafi da kwafi biyu, a buga wa naku hatimi da kwanan wata.

Maganar marayu, kada ku tsaya ƙofa ɗaya. Ku shigar da ɗayanku kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, na firamaren unguwa, ku kuma kai jerin sunayen yaran Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha. Idan zaɓe ya matso za ku ga waɗanda suka hana ku shebur sun zo da riguna masu hoto. Ku karɓi shebur, ku bar rigar, domin ranar da aka yi wa ƙungiya tambarin jam'iyya, ciyaman na gaba ba zai buɗe fayil ɗinku ba.

Tambaya: Baba, ƙungiyarmu ta zawarawa da iyayen marayu ce. Wani ya zo ya ce kowacce ta kawo naira dubu biyu zai samo mana fom ɗin tallafin ƙaramar hukuma. Mu bayar? Daga wata uwar marayu a Katsina.

Amsa: Hajiya, kada ku ba shi ko kwabo. Ku tashi mutum biyu gobe da safe ku je sashen walwalar jama'a na sakatariyarku, ku tambayi jami'ar harkokin mata ko akwai wannan tallafi. Idan akwai kuɗin da ake biya, a ofishin ma'aji ake biya a ba ku rasit mai hatimi. Ku ce wa mutumin ya raka ku, ku ga ko zai zo.