Rufin motar kwana mai yoyo: aje tukunyar kwalta tukuna

Sani, ka tambaye ni me zai hana mu narka kwalta mu malale rufin tsohuwar motar nan baki ɗaya, tunda mai ita ya ce kuɗinsa kaɗan ne, ga damina ta kankama. Zauna ka ji, yarona.

Inda ka ga ruwa na ɗiga a ciki, ba lallai ne ta nan ya shigo ba. Motar da aka yi wa ɗakin kwana rufinta hawa-hawa ne: kwanon alminiyam a sama, katako da soso a tsakiya, silin a ƙasa. Ruwa zai shiga ta ramin sukuru guda a gaba, ya bi katako a ɓoye, ya je ya ɗigo bisa gado can baya. Kuma da wuya tsakiyar kwano ya huje haka kawai. Mahaɗa ce ke fara sakewa: bakin tagar sama, gindin esi, ƙafafun ƙarfen ɗora kaya, da layin gefe inda rufi ya haɗu da bango. Yanayin Jos ma na da hannu. Rana ta gasa kwano ya buɗe, sanyin dare ya tsuke shi, shekara da shekaru, har gam ya tsattsage. Ga ƙanƙarar da kan faɗo mana da damina, tana fasa murfin taga na roba da rana ta riga ta cinye.

Saboda haka aikin farko nema ne, kuma ba ya cin ko kwabo. Ka shiga ciki da tocila, ni in hau da tiyo. Sai na shimfiɗa faffaɗan katako na taka, don tsohon rufi ba a yarda da shi. Zan fara zuba ruwa daga wuri mafi ƙasa, in daɗe a kowace mahaɗa kafin in matsa sama. In ka fara daga sama, ko'ina zai jiƙe, ba za ka san mai laifi ba.

Ita kwalta baƙa ce, tana jan zafi, ta yi laushi da rana, ta tsage da sanyi, ta kuma rufe ɓarna ka daina ganinta. In rufin na shimfiɗar roba ne, kamar na wasu motocin Amurka, kwalta da fetur da kananzir cin sa suke yi. Silikon na banɗaki ma kada ka kusanto da shi. Yana ɓallewa daga gefe, kuma duk inda ya taɓa, wani gam ba zai ƙara kamawa ba sai an kankare tas. Tausayin mai mota nake ji, shi ya sa ba zan bari ya biya sau biyu ba.

Ɗan kuɗinsa ga inda za su: tef ɗin butil (roba mai danƙo da ke hana ruwa shiga) naɗi ɗaya, gam ɗin bodin mota irin Sikaflex, da sukurori marasa tsatsa. Sauran duk guminmu ne. In tagar sama ce mai laifi, mu kwance ta baki ɗaya, mu kankare tsohon gam har kwano ya fito fes, mu goge da sifirit. Sannan ka soka sukurdireba a katakon da ke zagaye da ramin. In ya nutse kamar a dafaffen rogo, ya ruɓe, sukuru ba zai riƙe ba. Iyakar ruɓaɓɓen za mu yanke, mu samo guntun busasshen katako a Kasuwar Katako mu maye gurbinsa. Sai butil a ƙarƙashin bakin tagar, a ɗaure sukurori a hankali har ya ɗan tsatso ta gefe, a bi gefen da kan kowane sukuru da gam. Ƙaramar huda a kwano kuwa, guntun alminiyam da gam da ribit sun isa.

Walda ban yarda ka kawo ta kusa ba. Soso da katako na ƙarƙashi, kafin ka ɗaga gilashin fuska wuta ta kama.

Abin da ya fi wuya a watan Agusta shi ne bushewa. In ka rufe danshi a ciki, katako zai ci gaba da ruɓewa ko da yoyo ya tsaya. Gam ɗin kuma yana son yini guda ko fiye kafin ya kama sosai. Je ka ce wa mai motar ya bar mana ita ƙarƙashin rumfa, a buɗe tagogi iska ta ratsa. In rumfar ta cika, a ɗaura tamfol, amma a ɗaga shi da sanduna kada ya kwanta a kan rufin. Gobe da safe ka zo da tiyo da tocila.