Tablet na jure faɗuwa kuwa?

Malama kin tambaya ko tablet ɗin da za ki sai ma yaro za ta jure faɗuwa. Gaskiya ba ta kai waya juriya ba, don gilashinta ya fi faɗi ga ta da nauyi, in ta faɗi ta kusurwa kan siminti ko tayil nan take tsagewar ke tashi daga gefe ta ratsa sikirin ɗin duka. Kan tabarma ko katifa kam da wuya ta yi komai.

Kar mai shago ya ruɗe ki da zancen Gorilla Glass, wato gilashin nan mai ƙarfi da ake sa ma sikirin, ƙarzuwa yake ragewa amma yana fashewa sarai, kuma yashin nan namu na Sakkwato ya fi gilashi tauri, ƙwaya ɗaya ta shiga jaka sai ki ga zane a sikirin. Wasu kuma gilashin manne yake da sikirin, ya fashe sai an canja duka biyun, kuɗin gyaran ma sai ki ce gara sabuwa.

Ki nemi kes na roba mai kaurin kusurwa irin wanda ke zuwa da tablet ɗin yara ta Amazon Fire Kids, a manna mata gilashin kariya tun a shago. In ta faɗi kika ga bayanta ya kumbura to batir ne, kar a sake sa ta caji balle da zafin garin nan, a kai ma mai gyara.