Tambaya da Amsa: 'Yata na son ƙwallo, in tura ta Legas?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 14 tana buga wa makarantarsu ƙwallo, malamin wasanni ya ce tana da ƙafa. Wani ya ce in ba shi kuɗi ya kai ta gwaji Legas. Shin babu hanya a nan gida? Daga wani uba, Unguwar Rimi, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Duk wanda ya nemi kuɗi tun bai ga yarinya a fili ba, a yi hattara da shi.

Gasar mata ta ƙasa, NWFL, hawa-hawa ce: akwai Championship, sannan Premiership a sama, inda irin su Nasarawa Amazons ta Lafiya ke bugawa. Can ƙarƙashi kuma akwai gasannin jiha da na makarantu, kuma nan ne ake ƙera 'yar wasa. Asisat Oshoala ma a ƙaramin kulob na FC Robo ta taso, sannan Rivers Angels, kafin Liverpool ta ɗauke ta a 2015. Atisaye kaɗai ba ya koya wa yarinya ɗaga kai kafin ƙwallo ta iso, ko abin yi idan an ci su ɗaya saura minti goma. Sai wasan gasa, mako bayan mako.

Ka je ofishin hukumar ƙwallon ƙafa ta jihar Kaduna ka nemi sunayen kulob-kulob ɗin mata masu rajista. Tafi da takardar haihuwa da hotuna, kuma don Allah kada kowa ya sa ka rage mata shekaru. Ranar da aka kira ta Flamingos, wato tawagar Najeriya ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 17, takardun ne za su tona asiri. Ka tambayi koci: wasa nawa suka buga bara? Akwai mace mai raka yara idan za a yi tafiya? Atisaye na cin lokacin makaranta?

Gwiwa ce abin tsoro. Tsinkewar jijiyar gwiwa ta fi samun mata fiye da maza, galibi wajen dira ko juyi da sauri, kuma jinyar na iya cin wata tara. A riƙa ɗumama jiki na minti 20, har da koyon dira da gwiwa a lanƙwashe. A busasshen filin jar ƙasa lokacin hunturu, takalmi mai gajerun haƙora ya fi.

Batun sutura kuwa, dokar ƙwallo ta amince da rufe kai tun 2014, kuma za ta iya sa dogon wando a ƙarƙashin gajeren.