Daga Ina Kalmar "Curfew" Ta Samo Asali?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Duk lokacin da aka sa dokar hana fita, sai in ji 'yan boko suna cewa an sa "curfew". Malaminmu na Turanci ya ce kalmar ba ta mutanen Ingila ba ce tun asali. Haka ne? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata. Malaminku ya yi gaskiya. Kalmar ta Faransanci ce, an haɗa "couvrir", wato rufewa, da "feu", wato wuta. Rufe wuta ke nan. Har gobe Faransawa "couvre-feu" suke cewa, kuma haka za ki ji a labaran Faransanci na gidajen rediyon Yamai.

To me ya haɗa wuta da hana fita? A garuruwan Turai na da, gidaje na katako ne, yawanci da rufin ciyawa, ga su a cunkushe, murhu kuma a tsakiyar ɗaki yake. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye unguwa. Saboda haka idan dare ya yi, wajen ƙarfe takwas, sai a kaɗa ƙararrawar coci, kowa ya tattara garwashinsa wuri guda ya rufe. Ba kashewa ake yi ba. Kin san yadda iyayenmu mata ke binne garwashi cikin toka don a samu na hurawa da asuba? Haka suke yi, sai dai su har da murfi na ƙarfe ko na yumɓu da ake kifawa a kai, mai mariƙi, shi ma sunansa "curfew". Ƙararrawar ma haka ake kiranta.

Faransanci ya mamaye fadar Ingila ne bayan 1066, shekarar da Wiliyam, mai mulkin yankin Nomandi da ke arewacin Faransa, ya ci ƙasar a yaƙin Hastings. Daga nan kalmomin mulki da shari'a suka yi ta kwarara cikin Turanci, wannan ma ta biyo sahu. Akwai labarin da ya shahara cewa Wiliyam ne ya ƙirƙiro dokar don hana mutanen da ya ci da yaƙi taruwa da dare su ƙulla masa tawaye. Ni dai ban gamsu da shi ba. Al'adar ta bazu a ƙasashen Turai da dama, kuma tsoron gobara kaɗai ya isa dalili. Wanda ya taɓa ganin kasuwa ta kama da wuta lokacin hunturu ya san ba abin wasa ba ne.

Da yake ƙararrawar na nufin kowa ya koma gida, a hankali sai aka manta da wutar, ma'anar ta koma umarnin hukuma na barin titi. Da wannan ma'anar aka sa wa birnin Paris "couvre-feu" a watan Oktoba na 2020 saboda korona, daga ƙarfe tara na dare zuwa shida na safe.