Zan je Zanzibar aikin sa kai a makarantar kiɗa, me zan fara yi?

TAMBAYA: Anti, na karanta fannin akanta, na gama hidimar ƙasa bara. Wata makarantar koyar da kiɗa a tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya ta amince in je in yi musu aikin sa kai na wata huɗu, in gyara musu rajistar ɗalibai da lissafin kuɗin makaranta. Ban taɓa riƙe ko da kalangu ba, kuma mahaifina na jin "kiɗa" ya ɓata rai. In je? (Mai karatu daga Gusau)

AMSA: Ɗana, ka je, amma da yardar Baba. Kai masa takardar gayyatar ya gani da idonsa cewa aikin ofis aka kira ka, ka kuma gaya masa mafi yawan mutanen Zanzibar Musulmi ne. Kiɗan taarab da aka san tsibirin da shi, da molon Larabawa da ake kira ud ake yin sa, kuma a tsohon garin Stone Town akwai Dhow Countries Music Academy da ke koyar da shi. Ko wace makaranta ce ta kira ka, kira ofishinta ka ji muryar mutum kafin ka kashe ko sisi.

Takardu kuwa, Najeriya na cikin ƙasashen da sai hukumar shige da fice ta Tanzaniya ta tantance kafin ta ba da biza, don haka ka nema aƙalla wata biyu kafin tafiya. Bizar yawon buɗe ido ba ta halatta aiki, ko na kyauta ne; sai makarantar ta nema maka izinin da ya dace. Riƙe katin rigakafin shawara, ka ware dala 44 na inshorar da Zanzibar ta wajabta wa baƙi tun Oktoba 2024.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Na yi shekaru a ofishin kuɗi na wata makaranta a Zariya, wani baƙo mai kyakkyawar niyya ya zo ya ɗora mana manhaja mai tsada, ya shigar da sunan kowane ɗalibi, ya koma ƙasarsu. Bayan wata uku wa'adin lasisi ya ƙare, lambar sirrin kuma tana wurinsa. Muka koma kan tsohon littafinmu mai baƙin bango, ga giɓin zango guda babu wanda ya san wa ya biya. Har yau ina tuna iyayen da muka sa suka dawo da rasit.

Saboda haka makonni biyu na farko kada ka taɓa komai. Zauna kusa da sakatariyar da ke wurin, ka ga yadda take karɓar kuɗi da inda take rubutawa. Makarantar kiɗa ba kamar sakandare ba ce. Yawancin darussa ɗalibi ɗaya ne da malami ɗaya, wani malamin da awa ake biyansa, wani ɗalibin mai tallafi ne daga waje yake biya masa kuma zai nemi rahoto. Ga kayan kiɗan da ake ba da aro. Kowanne ka ba shi lamba, a rubuta wanda ya ɗauka da ranar dawowa da halin da ya fita, domin danshin teku yana lalata katako da tsirkiya. Manhajar Excel ta ishe ka duk wannan, da kwafi a takarda don ranar da babu wuta. Adireshin imel da lambar sirri su kasance na makaranta, a hannun mutum biyu cikin ma'aikatanta.

Ka kula da agogon Suwahili wajen jadawali. Mutanen can daga ƙarfe 6 na safe suke fara ƙirga, "saa tatu" ƙarfe 9 ke nan. Rubuta duka biyun a jadawalin. Kuɗin makaranta "ada" suke ce masa, malami "mwalimu", kuma za ka ji kalmomi irin "daftari" da "kalamu" da kunnenka ya riga ya sani.

A watan ƙarshe ka tashi daga kujerar, sakatariya ta rufe lissafin wata da hannunta kana gefe. Duk inda ta tsaya tana neman ka, nan ne za ka sake sauƙaƙawa kafin ka hau jirgi.